Ranar da na gudo daga jami'a na kasa shiga gida

Wata Alhamis ce cikin hunturu, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, motar da ta ɗauko ni ta sauke ni a Kabuga. Jaka ɗaya ce a bayana. A cikinta akwai kaya kala biyu, da cajar waya, da takardar gwajin Kemistiri wadda aka rubuta 6 a samanta da jan biro, alhali makin 30 ne. Mako tara ke nan da fara karatuna a wata jami'a da ke wani gari. Ba hutu aka ba mu ba, kuma babu wanda ya san na taho. Niyyata ɗaya ce: in je in gaya wa Baba na haƙura da karatun.

Daga Kabuga zuwa gidanmu a cikin birni ba tafiyar minti ashirin ba ce a adaidaita sahu. Na tsayar da guda, direban ya ce, "Ina za ka?" Sai na ji bakina ya yi nauyi, na ce ya wuce kawai. A unguwarmu ba a shiga lungu da rana tsaka da jaka a baya ba tare da an amsa tambaya ba. Mai shayin bakin titi zai ce, "Dakta, har an yi hutu?" Dattawan da ke zama a dakalin masallaci za su ɗago kai. Kafin in kai zaurenmu mutum goma sun tambaye ni, ni kuwa ba ni da amsa ko ɗaya. Don haka na ƙudura zan yi ta yawo a ƙafa har duhu ya rufa. Labarin yawon wannan yini nake son in ba ku, ƙannena, musamman ku 'yan aji shida da ke shirin JAMB, domin abin da ya same ni bai zo a cikin kowace tambayar jarrabawa ba.

Ƙofar Kabuga

Na daɗe a tsaye ina kallon ƙofar. Tun a firamare aka koya mana cewa ta wannan nahiya sojojin Ingila suka shigo Kano a watan Fabrairun 1903, kuma Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Yau abin da ya rage a wurare da yawa tudun jar ƙasa ne da ruwan damina ya zaizaye, awaki na hawa suna sauka, a wasu wuraren kuma gine-gine sun cinye ta. Duk da haka har gobe Bakano in ya ce "cikin badala", kowa ya san ainihin birni yake nufi.

Ba nisa da ƙofar akwai tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. Ɗalibai na ta tsallaka titi uku-uku, huɗu-huɗu, suna hira suna dariya. Na bi su da kallo ina cewa a raina, waɗannan su aka yi wa jami'a, ni kam kuskure aka yi aka ɗauke ni.

A sakandare ban taɓa wuce na uku ba. Malamai sun san sunana, sun san babana, in ban zo ba sai an aiko. A jami'a lambar rajista ce sunana. Zauren lakca na ɗaukar ɗaruruwan mutane, wanda ya makara sai tsayuwa a bakin taga. Malami zai yi bayani da Turanci cikin sauri, 'yan makarantun kuɗi su ɗaga hannu su yi tambaya, ni kuwa tambayar na bakina amma ina tsoron a yi dariyar lafazina. Ga kuma nauyin gida. Ni ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a. Umma ta kwashi adashinta, Baba ya ci bashi, aka haɗa kuɗin rajista. Duk nairar da na kashe sai in ji kamar amana na ci, har na mayar da abincina garin kwaki safe da dare.

Barci ne ya fara gudu. Sai in kwanta, ƙarfe uku na dare idona biyu, gabana na faɗuwa ba tare da wani dalili ba. In na buɗe littafi, shafi ɗaya zan karanta sau biyar ban riƙe komai ba. Daga nan na fara ƙin fita lakca, na ja bargo in rufe kaina. Umma in ta kira sai in gyara murya in ce, "Lafiya lau." Da ƙaryar ta yi mini nauyi, sai na daina ɗaukar wayar. Wani dare wani maƙwabcin ɗaki ya miƙo mini ƙwaya ya ce tana sa a manta damuwa. Na karɓa, na riƙe ta a hannu na ɗan lokaci kafin na mayar masa. Wannan ɗan lokacin ne ya ba ni tsoro fiye da takardar gwajin, domin mu da muka tashi a Kano mun ga abin da kodin ya yi wa samari da 'yan mata kafin gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai ɗauke da shi a watan Mayun 2018. Da gari ya waye na nufi tasha.

Kan Dala

Don in kauce wa unguwarmu, daga Tal'udu sai na bi titin Aminu Kano, na wuce gindin Goron Dutse, sannan na kutsa lunguna har Dala. Matakalarta sun haura ɗari. Da muna yara da gudu muke hawa, amma ranar sai da na zauna sau biyu, saboda rabona da abincin kirki na manta.

A nan aka ce Kano ta faro, da maƙera da mafarauta, da Barbushe da tsafinsa na Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda. Saman dutsen shimfiɗe yake, iska na kaɗawa. Hazo ya rufe nesa, amma ana hango Goron Dutse a yamma, da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, da rufin kwano iya ganinka, tsoho da sabo, manne da juna kamar babu hanya a tsakani. Nan da can kuma ga kududdufai, ramukan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina gidaje. Ina zaune aka fara kiran sallar azahar. Masallaci ɗaya ya fara, na kusa da shi ya ɗauka, kafin ka ce me birni duka ya amsa.

Sai na tsinci kaina ina lissafi. Ta can gidan gwaggona ne. Ta nan makarantar allon da na yi sauka. Can gaba gidan da ake aikena sayen ƙosai. Duk inda na juya akwai wanda zai gane ni ya ce ɗan gidan wane ne. Tun da aka haife ni ban taɓa neman a kula da ni ba, kulawar ce take zuwa da kanta. Gini ne ya yi mana haka: zaure a buɗe, katanga ɗaya tsakaninmu da maƙwabta, lungu ƙunci wanda ba ka wuce mutum sai kun gaisa, masallaci sau biyar a rana inda in sahu ya rasa ka za a tambaya. In zazzaɓi ya kama ni, kafin la'asar kunun maƙwabta ya iso.

A ɗakin kwanan ɗalibai na yi kwana uku ban fita ba, babu wanda ya ƙwanƙwasa. Ba mugunta ba ce, ba su san ni ba ne, kowa kuma na fama da nasa. Ni kuwa ban iya cewa "ku taimake ni" ba, domin ban taɓa buƙatar koyon faɗar haka ba. Duk makonnin nan ragwanta nake zargin kaina da ita. A kan Dala na fara zargin ko wani abu ne daban.

Rumfar Kawu a Kurmi

Na sauko na yi salla a wani ƙaramin masallaci, yunwa ta ja ni wajen Kasuwar Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta, kuma har yau in ka shiga sai ka ji kamar zamani ya rage gudu. Hanyoyinta siraru ne, rana ba ta cika shiga ba. Ga layin 'yan littattafai da alluna da tawada, ga 'yan turare, ga masu sirdi da linzami da kayan adon doki, ga ƙore da faifai, ga dukawa da warin fatar da aka jeme. Na yi niyyar in ratsa ta gefe, domin ƙanin Umma baduku ne a can. Ban yi taku ashirin ba yaron shagonsa ya hango ni ya ƙwala kira.

Kawu na zaune a kan buzu yana ɗinkin tumtum da basilla. Ya dube ni, ya dubi jakar, bai ce komai a kanta ba. Ya aiki yaron ya sayo gurasa bandashe da ruwan sanyi, ya ce, "Ci tukuna." Na cinye tas. Sannan ya ce, "Yaya karatu?"

Na ce, "Lafiya lau, Kawu."

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Sai da ya kai ƙarshen zaren ya ƙulle, ya ajiye basillar, ya ce, "Waccan ta gaisuwa ce, ka amsa. Yanzu ta gaskiya nake tambaya. Yaya karatu?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Kawu ya tura yaron wani aike, ya sauke labulen buhun da ke bakin rumfar. Na gaya masa komai, har batun ƙwayar, na ciro takardar na nuna masa. Bai katse ni ba, bai ce in yi haƙuri ba, bai ce wasu sun fi ni shiga wahala ba. Da na gama ya ce, "A can ɗin, wane ne mai masaukinka?"

Na ce ai ɗaki aka ba mu, mu shida.

Ya ce, "Ba ɗaki na tambaya ba." Ya gyara zama ya ba ni tarihin da ban taɓa ji a aji ba. A zamanin da ayarin raƙuma ke zuwa daga Agadas da Gadamas da Tarabulus, fatake ba sa faɗowa kasuwar nan haka kawai. Kowane baƙo yana da fatoma, wato maigidan da zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya gaya masa farashin gari, ya nuna masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ya tsaya masa in rigima ta taso. Mutanen da suka ƙetare Sahara ne fa, in ji Kawu, ba ragwaye ba, amma ba wanda ya ga kasawa ce ya nemi mai masauki. Waɗanda suka zauna kuwa sai suka nemi 'yan uwansu suka yi unguwa. Ya lissafa mini da yatsu: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa na Larabawa. Sunayen da nake ji kullum, ban taɓa tsayawa na tambayi ma'anarsu ba.

Ya ce, "Kai ka shiga baƙon gari kai kaɗai, ba tafinta, ba wanda ya san farashi, ka yi asara a cinikin farko, shi ne za ka ce fatauci ba naka ba ne? Shekarata ta farko a wannan sana'a, fatun da na lalata sun isa a buɗe shago."

Karofin Ƙofar Mata

Bayan la'asar Kawu ya rufe rumfa da wuri, ya ce in raka shi karɓar saƙo a wurin wani abokinsa marini. Muka fito ta gabas, muka wuce kusa da Asibitin Murtala, har marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Ramuka ne zagayayyu masu zurfi, wasu a rufe, wasu sun cike da ƙasa saboda masu sana'ar sun ragu. A gefe ana jin sautin mabuga suna dukan shadda a kan gungume. Ruwan rinin haɗin baba ne da toka da katsi, ana barin sa kwanaki ya tsimu kafin ya kama.

Na tsuguna ina kallon wani dattijo. Ya tsoma farin yadi, ya ɗago shi, ya bar shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadin ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai a hankali ya juye shuɗi a gaban idona. Ban san sanda na ce da ƙarfi, "Oksijin ne!" ba. A cikin ramin, tsimuwar ta mayar da sinadarin baba irin wanda ke narkewa a ruwa ya shiga zare, in ya haɗu da iska sai ya koma shuɗin da ba ya narkewa, ya maƙale. Darasin da na faɗi a gwaji ke nan, ga shi a hannun mutumin da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba. Dattijon ya yi dariya ya ce shi dai abin da ya sani, in ka bar yadi a cikin rami ba ka ɗago shi ba, ba zai yi duhu ba, ko kwana zai yi.

A karo na farko cikin makonni na ji ina son sanin wani abu. Kawu ya lura, amma bai yi magana ba.

Zaurenmu

Da aka idar da magariba muka shiga unguwa. Mai shayi ya ce, "A'a, Dakta!" Kawu ya amsa masa, "Ni na kira shi," muka wuce. Ya ce in jira a soro na biyu, ya zauna da Baba a zaure. Ban ji abin da suka faɗa ba. Da aka kira ni na durƙusa ina jiran faɗa. Baba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Bashin ni na ci, ba kai ba. Wa ya ce ka biya shi da yunwa?"

A cikin gida Umma ta kasa magana, tuwo kawai take ƙara mini. Hajiya, kakata, ta leƙo ta ce, "Wannan ramammen ne maigidan nawa? A mayar, ban karɓa ba." Ta yi addu'a ta tofa mini a ka.

Babbar yayata ma'aikaciyar jinya ce, Umma ta kira ta a daren. Ita tambayoyinta daban ne. Awa nawa nake barci? Tun yaushe abinci ya fita raina? Akwai abin da nake jin daɗinsa da, yanzu ba na ji? Sannan ta dube ni ido cikin ido ta tambaya ko tunanin cutar da kaina ya taɓa zuwa mini. Na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Ta ce ko da e ce amsar, gara ta ji da a ɓoye mata, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Ta yi mini bayanin da nake so ku riƙe. Fargabar sabon wuri da kewar gida kusan kowa na yi, kuma sukan lafa in mutum ya saba. Amma in baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu kullum-kullum, ga rashin barci ko barcin da ya wuce kima, ga canjin cin abinci, ga kasa tattara hankali, har ya hana mutum harkokinsa, to ya zama abin ganin likita kamar yadda ake kai zazzaɓin da ya ƙi sauka. In kuwa tunanin cutar da kai ya shigo, ba a jiran gobe, a ranar ake gaya wa babba a tafi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku ƙirga 'yan ajinku ku raba da bakwai.

A nan ne birnin da nake yabo yake da rauni. Mun iya gane yunwa da zazzaɓi da rashin kuɗi, amma ciwon da ba ya nuna jini sunaye uku muka tanadar masa: hauka, aljanu, ko raunin imani. Yara na tsokanar juna da "sai Dawanau", saboda asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke can, shi ya sa mai buƙatar zuwa yake jin kunya. Alhali asibiti ne kamar kowane, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma yana da sashen wannan fanni. Ƙasar ma ta daɗe kafin ta gyara tunaninta: sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Yaya ta ce addu'ar Hajiya da ganin likita ba kishiyoyi ba ne, wanda ya karye ma ana yi masa addu'a kuma ana ɗora shi.

Washegari ta kai ni wurin likita. Ya duba jinina, ya saurare ni, ya tsara mini lokacin barci da cin abinci, ya hana ni shayi mai ƙarfi da waya in dare ya yi, ya ce in dawo bayan mako uku, in babu sauƙi akwai mataki na gaba. Ni ban kai ga shan magani ba. Wasu sai da shi, kuma ba abin kunya ba ne.

Komawa

Ranar Lahadi Kawu da kansa ya raka ni Kabuga. A hanya muka bi ta kusa da gidan Sarki, ya nuna mini Makarantar Nazarin Larabci da ake kira SAS. A cikinta aka buɗe kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero, a 1960, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Ya ce, "Ka ga, ita ma jami'ar a gidan wani ta fara sauka." Da zan shiga mota ya ce kada in kira shi sai na samo fatoma.

Na samo, amma sai da na cire kunya. Na je taron ƙungiyar ɗaliban Kano na gabatar da kaina, a nan na haɗu da wani ɗan aji uku a sashenmu. Shi ya nuna mini tsofaffin tambayoyi, ya gaya mini cewa gwaji kaso ne kawai na maki, jarrabawar ƙarshen zango ce mai kaso mafi yawa, ya kai ni darasin bita da manyan ɗalibai ke yi kyauta a ƙarshen mako. Ya ce shi ma a shekararsa ta farko ya taɓa haɗa kayansa. Na je wurin malamin da ke kula da ajinmu, wanda ake kira kodineta, na faɗa masa lakcocin da na rasa. Na gano akwai ofishin ba ɗalibai shawara da asibitin makaranta, waɗanda na sha wucewa ta gabansu ban san aikinsu ba. Mu huɗu a ɗakinmu muka fara haɗa tukunya, ashe biyu daga cikinsu ma ba sa barci. Muka yi ƙa'ida: wanda ba a gani ba a lakcar safe, a dawo a ƙwanƙwasa masa.

Ba zan ce muku komai ya zama daidai ba. Kemistirin nan na faɗi, sai a shekara ta biyu na sake ɗauka na ci. Har yanzu in jarrabawa ta matso akwai daren da barci ke gudu. Bambancin shi ne na san sunan abin, na san alamunsa na farko, na kuma san mutum uku da zan kira. Duk Juma'a ina kiran Umma, kuma mun yi alƙawari ba zan amsa mata da "lafiya lau" ba sai in lau ɗin ce.

Ku da za ku fita, ko jami'a, ko kwalejin ilimi, ko ta kimiyya da fasaha, ko makarantar jinya, ku yi wannan shiri tun kuna gida kamar yadda kuke shirya akwati. Ku tambayi wa ya riga ku zuwa can daga unguwarku ko makarantarku, ku karɓi lambarsa. A makon farko ku nemo kodineta da asibiti da ofishin shawara tun ba ku buƙace su ba. Kada ku yi tsimi da abinci da barci, su ne jarin karatun. Ku zaɓi babba ɗaya a gida, kawu ko gwaggo ko yaya, wanda za ku iya gaya wa mummunan labari. 'Yan mata, wannan ya shafe ku sosai, domin ku aka fi koya wa haɗiye magana, kuma tsoron kada a ce "dawo gida ki zauna" na sa da yawa yin shiru har abu ya yi nisa. Wanda ke kwana a gidansu yana zuwa makaranta a adaidaita ma bai tsira ba, ana iya yin kaɗaici a tsakar gida mai mutum ashirin.

Bana wani yaro daga lungunmu ya samu gurbi a makarantarmu. Mahaifiyarsa ta aiko ni da yaji da ƙuli-ƙuli in kai masa. Na same shi a ɗaki da rana tsaka, ya ja bargo. Na ce, "Yaya karatu?" Ya ce, "Lafiya lau, Yaya." Na ajiye ƙullin, na jawo kujera na zauna, na sake tambaya.